Shin Imaninka Yana Jin Turanci?

 

Duk wanda ya zauna a ajin Turanci har ya wuce matakin gaisuwa da ƙidaya, ko a sakandare ne ko a lesin ɗin yamma, wata rana sai malami ya rufe littafin nahawu ya jefo wata irin tambaya. Da a ce ka tsinci jaka cike da kuɗi a tasha, ba wanda ya gan ka, me za ka yi? Da a ce matarka tana kwance rai a hannun Allah, mai magani ya tsawwala kuɗi ya kuma ƙi ba ka bashi, za ka fasa shagonsa cikin dare? Malamin yana da dalilinsa. So yake ya koyar da yadda ake gina jimlar “da a ce”, kuma masu koyar da harsuna sun daɗe da gane cewa ba abin da ke buɗe bakin ɗalibi mai nauyin baki kamar a tambaye shi mene ne daidai, mene ne ba daidai ba. Shi ya sa littattafan koyon Turanci da darussan da ke yawo a wayoyinku suke cike da irin waɗannan tambayoyi.

To, a nan 'yan'uwa sukan rabu gida biyu. Wasu su ce ai wannan shigo-shigo ba zurfi ne, yau a tambaye ka ko sata za ta iya halatta, gobe a tambaye ka abin da ya fi haka muni, don haka su ja bakinsu su yi gum, ko ma su daina shiga ajin. Wasu kuma su saki jiki, duk amsar da ta fi sauƙin faɗa da Turanci ita ce tasu, malami ya ce a tafa musu, shi ke nan an wuce wurin. Ni kuwa abin da nake gani shi ne, ɗan Yalwa ko Rurum ko Tarai da ke koyon Turanci ya fi kowa buƙatar wannan tattaunawa, kuma mutanen gida na farko, duk da kyawun niyyarsu, ƙofar da suke tsoron a shigo ta nan ita suka bari a buɗe. Ga dalili.

A shekarar 1967 wata malamar falsafa a Ingila mai suna Philippa Foot ta kawo wani misali da ya zagaye duniya. Tarago ne birkinsa ya tsinke, mutum 5 suna aiki a kan layin da ya dosa, mutum 1 kuma a kan wani layin daban. Shin direba ya karkata ya take ɗayan don biyar ɗin su tsira? Daga baya wata Ba'amurkiya, Judith Thomson, ta ƙara wa misalin zafi. Kana tsaye a kan gada, kusa da kai ga wani ƙaton mutum, in ka hankaɗa shi ya faɗa kan layin jikinsa zai tsayar da taragon. Lissafi bai canza ba, rai 1 ne a madadin 5, amma akasarin mutane in an zo nan sai su ce a'a, hannunsu ba zai iya ba.

Sai a shekarar 2014 wasu masana, Albert Costa na Barcelona, garin nan da kuka fi sani da ƙwallo, da Boaz Keysar na Shikago, tare da abokan aikinsu, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun ba mutum 725 wannan tambaya ta gada, wasu da harshen da suka sha a nono, wasu da harshen da suka koya daga baya. Cikin waɗanda aka tambaya da harshen uwa, kashi 18 cikin 100 ne suka yarda za su hankaɗa mutumin. Cikin waɗanda aka tambaya da baƙon harshe kuwa, kashi 44 ne. Subhanallah! Tambaya ɗaya ce, harshe kawai aka sauya, sai ga masu yarda su tura bawan Allah ga ajalinsa sun ninka har da ɗoriya.

Kada wani ya yi saurin cewa ai da ma mun faɗa, Turanci harshen kafirci ne. Gwajin bai ba shi wannan hujja ba. A cikin mutanen akwai 'yan Sifaniya da aka tambaya da Turanci, akwai kuma waɗanda Turanci ne harshen gidansu aka tambaye su da Sifaniyanci, kuma abu ɗaya ne ya sami ɓangarorin biyu. Bayanin da masanan suka fi karkata gare shi shi ne, harshen da mutum ya koya a kan benci ba ya taɓa zuciyarsa kamar harshen da aka yi masa faɗa da shi yana yaro, aka lallashe shi da shi, aka yi masa ta'aziyya da shi.

Mu ma ai mun san wannan, ba sai an zo daga Barcelona an gaya mana ba. Maganar da saurayi ba zai iya furta wa 'yar mutane da Hausa ba saboda kunya, da Turanci yake rubuta mata a waya, ko gezau. Ashar ɗin da in ya yi shi da Hausa sai dattawan unguwa sun kira ubansa, da Turanci yake zuba shi yana dariya. Ka ce wa yaro ɓarawon amsa sai ku ba hammata iska, amma ka ce ya sami ekspo sai ya yi murmushi. Ɗan damfara sunan zagi ne, ɗan Yahoo kuwa har sha'awarsa wasu ke yi. Kunyarmu da Hausa aka dasa ta, tsoron Allahnmu da Hausa da Larabci aka yi masa ban ruwa, don haka in mun tsallaka cikin Turanci sai mu ji kamar mun shiga garin da ba wanda ya san mu balle ya san iyayenmu.

Yanzu dubi inda za a jarraba ka, ya kai ɗan'uwa. In Allah Ya sa ka zama akawu a sakatariyar ƙaramar hukuma, a Rano ne ko a Kibiya, fayil da Turanci yake, baucan biyan kuɗi da Turanci. Takardar kwangila, katin asibiti, lissafin rabon taki, takardar sakamakon zaɓe da malaman zaɓe ke cikewa a rumfa, duk da Turanci. Ba wanda zai zo ya ce maka da Hausa zo mu ci amanar talakawa. Takarda za a turo maka, tas da ita, da kalmomi masu santsi, a ce sa hannu a nan. Idan duk abin da ka sani na halal da haram yana zaune a zaure da masallaci, bai taɓa taka ƙafa cikin Turanci ba, to ran nan kai kaɗai za ka shiga ofis, shi kuwa yana bakin ƙofa yana jiran ka fito sallar azahar. Ashe ba haka muke ganin wasu manyanmu ba? Sahun gaba a masallaci, ga carbi ga tabon sujada, amma da zarar ya zauna a bayan tebur ya ɗauki biro sai ya zama wani mutum daban.

Kuma kada mu yaudari kanmu cewa Turancin zai ja da baya. Tsarin ilimi na ƙasa da aka fara fitarwa a 1977 ya tanadi a fara koyarwa da harshen uwa, sannan a koma Turanci tun yaro bai bar firamare ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a yi shekara 6 ɗin firamare duka da harshen uwa, sai kuma a Nuwamban 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwar soke wannan. Ko mun so ko mun ƙi, ƙannenmu a cikin wannan harshe za su yi karatu, a cikinsa za su nemi abinci.

Masu gudun baƙon harshe su tuna cewa Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don kada a dogara da wani wajen karanta wasiƙu da rubuta su, ya kuwa koya cikin kimanin rabin wata. Masu gudun tambayar “da a ce” kuma, suna da ɗan abin kamawa, ba zan ɓoye ba. Imam Malik ba ya son a yi ta jero tambayoyi a kan abin da bai auku ba. Lokacin da wani ɗalibi daga Ƙairawan, Asadu ɗan Furatu, ya dame shi da in kuma kaza ya faru fa, in kuma kaza ya faru fa, sai ya nuna masa cewa in irin wannan yake so to ya nufi Iraƙi. Asadu ya tafi Iraƙin, ya yi karatu a wurin almajiran Abu Hanifa, bayan rasuwar Malik a shekara ta 179 bayan hijira ya kwaso tambayoyin nan ya kawo wa Ibnul Ƙasim a Masar, yana tambaya ana amsa masa bisa fahimtar Malik. Wannan aikin ne Sahnunu ya sake bita ya tace, ya zama Mudawwana, uwar littattafan Malikiyya. Wato littafin da malamanmu na zaure suke komawa gare shi in mas'ala ta yi tsauri, da tambaya da amsa aka gina shi. Abin da Malik ya ƙi shi ne a mai da tambaya abin wasa da nuna ƙwarewa, kuma a wannan yana da gaskiya har gobe.

Shi kansa misalin taragon, an riga Philippa Foot da fiye da shekara 850. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, a cikin littafinsa Almustasfa ya kawo mas'alar mutanen da ke cikin jirgin ruwa, in an jefa ɗayansu a ruwa sauran su tsira, in ba a jefa ba duk su nutse. Bai halatta a jefa shi ba. Hujjarsa ita ce maslahar ta wasu ƙididdigaggun mutane ce, ba ta al'umma baki ɗaya ba, kuma babu abin da ya ware wannan bawan Allah ya nuna shi ne za a sadaukar. Ka ga ke nan yaron da ya fito daga islamiyya bai shiga ajin Turanci hannu rabbana ba. Abin takaicin shi ne yana da amsa amma ba shi da kalmomi, sai ya faɗi abin da yake iya faɗa ya bar abin da ya yi imani da shi. Cewa biyar sun fi ɗaya yawa, ai Turancin ɗan aji biyu na firamare ya isa. Amma bayanin hurumin rai, da cewa ba ka da ikon zaɓar wanda zai mutu, wannan sai wanda ya sha wahalar neman kalmominsa tun kafin ranar.

Sai dai ina da ja a kan misalan da ake shigo mana da su. Ɗauki na mai maganin nan. Wani masanin halayyar ɗan Adam ne a Amurka, Lawrence Kohlberg, ya yi amfani da shi tun daga 1958 don auna yadda yara ke kafa hujja: mai magani yana sayarwa ninki 10 na abin da ya kashe, mijin ya yi iya ƙoƙarinsa bai haɗa fiye da rabin kuɗin ba. An toshe duk ƙofofi an bar biyu, ko ka yi sata ko ta mutu. Ka jefa wa ɗan Yalwa wannan tambaya, amsar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce zai je wurin kawunsa, zai gaya wa liman a yi shela bayan sallah, zai jinginar da gona, zai tafi da mai unguwa a roƙi mai kemis ɗin. Sai malami ya ce a'a, ba a yarda da wannan ba, zaɓi ɗaya cikin biyu. Alhali amsar yaron ita ce ta mai hankali. In aka yi ta horar da shi a kan duniyar da ba dangi, ba maƙwabci, ba zakka, to a hankali ana koya masa ne cewa shi kaɗai ne a duniya, kuma wanda ya ɗauka shi kaɗai ne bai da wuyar miƙa hannu ga haram.

Dubi yadda Sayyidina Umar (RA) ya yi da irin wannan, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Bayin Haɗibu suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da aka kawo ƙara, Umar bai tsaya a kan ɓarayin kawai ba, sai ya waiwayi wanda yake barin su da yunwa. Mai taguwa ya ce ko dirhami 400 ba zai sayar da ita ba, Umar ya sa ubangidan bayin ya biya 800. A misalin Kohlberg kowa yana tuhumar mijin, ba mai tambayar wa ya ba mai magani damar riƙe ran mutane a hannunsa don riba. Ɗalibin da ya ɗaga hannu ya yi wannan tambaya da Turanci mai kyau, cikin ladabi, wallahi ya fi wanda ya fice daga aji amfani ga addininsa.

Maganar ladabi kuwa da gaske nake. Sau da yawa mai koyar da Turanci a makarantun karkara ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, wataƙila ba Musulmi ba, Hausarsa ba ta wuce sannu da ina kwana ba. Baƙonka ne kuma malaminka ne. Ba mufti ba ne, shi ma bai ce shi mufti ne ba. Karɓi harshe a wurinsa, hukunci kuma ka kai wa malaminka na zaure, sannan ka dawo ka bayyana wa ajin matsayinka da hujjarka. In an raba ku gida biyu a muhawara aka ba ka ɓangaren da ba ka yarda da shi ba, ba laifi a matsayin motsa baki, amma ku roƙi a ba kowa minti ɗaya a ƙarshe ya faɗi abin da yake kai a zuciyarsa. Harshen da ya saba kare abin da bai yarda da shi ba don a ba shi maki, wata rana zai yi don a ba shi kuɗi.

Abin da nake kira gare shi bai buƙatar gwamnati. Ku da kuke zama majalisa bayan isha, ku ware dare ɗaya a mako. A kawo mas'ala daga cikin garin nan, a fara murza ta da Hausa har kowa ya ji ta a jikinsa, in ta cije a kai wa malam, sannan a ce to wa zai maimaita hujjar nan da Turanci. Mas'alolin ga su nan jibge. Kana aiki a shagon POS sai kuɗin wani suka faɗo asusun maigidanka bisa kuskure, ya ce ka yi shiru. Ka je ƙwadagon tumatir wajen masu noman rani da ruwan Tiga a Bunkure ko Kura, mai gona ya ce a jera manya a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. An ba mahaifiyarka taliya da atamfa ana gobe zaɓe, ita kuma ta ce ka raka ta rumfa.

A nan ne za ku gano cewa aikin ba ƙarami ba ne. Nemo mini kalmar Turanci guda ɗaya da ta ɗauke amana dukanta, ko alhaki, ko mutunci. Wani Bature masanin ƙasar Hausa, Anthony Kirk-Greene, sai da ya yi lacca sukutum, aka buga ta a 1974, don kawai ya bayyana wa masu jin Turanci abin da Bahaushe yake nufi in ya ce mutumin kirki. In Bature ya sha wannan wahala don ya fahimce mu, mu me zai hana mu sha ta don mu bayyana kanmu? Kuma an yi irin wannan zama a ƙasar nan ya haifi ɗa mai ido. A farkon shekarun 1940 a Bauchi akwai zauren tattaunawa da su Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zama, har da jami'an Turawa. Zungur da Aminu 'ya'yan gidan malamai ne da suka haɗa karatun zaure da na boko. A nan ne aka tayar da tambayar abin da ake dubawa wajen yanka wa sarki albashi, ba a daɗe ba aka rufe zauren.

Amma mas'alar da ta fi kusa da wuyanku ita ce ta jarrabawar Turancin kanta, tunda ba kiredit a cikinta ba jami'a. Cutar ta daɗe. A 1977 takardun WAEC sun fita kafin lokaci har aka kafa kwamitin bincike. A 1984 gwamnatin soja ta yi dokar ɗaurin shekara 21 a kan maguɗin jarrabawa, a 1999 aka sake wata dokar. Duk da haka a watan Mayun 2025 sai da ɗalibai a sassan ƙasar nan suka rubuta takardar Turanci ta WAEC cikin dare da hasken tocila, hukumar ta ba da haƙuri ta ce ƙoƙarin toshe fitar tambayoyi ne ya jawo jinkirin.

To, a ce yaro ne daga Yalwa, sau biyu yana faɗuwa Turanci. Mahaifinsa ya sayar da masara ya biya masa rajista a wata cibiya, aka haɗa da wani kuɗi da aka ce na taimako ne. Ranar jarrabawa aka turo ƙofa, aka fara rubuta amsa a allo, kowa ya duƙufa. Ko ya kwafa ko kada ya kwafa, wannan ba mas'ala ce mai rikitarwa ba, ha'inci ne, kuma takardar da za ta fito da ita zai ci abinci har tsufansa. Kada son zuciya ya sa mu riƙa kiran abin da yake a fili da sunan ruɗani. Inda ruɗanin yake shi ne abin da ya biyo baya. In ya kai ƙara ana iya soke sakamakon cibiyar gaba ɗaya, har da na abokansa da suka tashi tare, har da na wanda bai kwafa ba, kuma a ƙauye ba a rasa sanin wanda ya yi magana. In ya yi shiru, baɗi ƙaninsa zai zauna a kan bencin nan a yi masa irin wannan taimako. Wa zai fara gaya wa? Me zai ce wa mahaifinsa in ya sake faɗuwa, alhali ɗan maƙwabta da ko wasiƙa ba ya iya rubutawa ya fito da kiredit?

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yaro ɗan shekara 18 ba zai warware wannan shi kaɗai ba cikin minti biyar mai gadin jarrabawa yana tsaye a kansa. Ni a ganina tun lokacin rajista ya kamata a tare ta, watanni kafin a shiga ɗakin. A lokacin ne ɗalibai uku ko huɗu da suka riga suka murza mas'alar a majalisarsu za su iya zuwa tare wurin iyayensu da liman da shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, su ce ga abin da ake karɓa, a rubuta mana a rasit kuɗin mene ne. Wasiƙar da za a kai wa shugaban makaranta a kan haka da Turanci za a rubuta ta, kuma ɗaya daga cikinku ne zai rubuta.